Littafin Zanen Injiniya da Gashin Bakin Mai Aski

Da idona na gani! Ba labari aka ba ni ba, ba a rediyo na ji ba. Idanun nan nawa da kuke kallo, ɗaya yana ɗan yin hazo, to da mai kyaun na gani. Duk wanda ya ce muku ya fi ni kusa da abin ƙarya yake yi, don ni a kan bencin shagon aski nake wuni tun kafin a sa wa shagon ƙofa, kuma ƙofar gidan Injiniya tana kallon bencin nan kamar yadda nake kallonku yanzu.

Injiniya ba injiniya ba ne. Direba ne da ya yi ritaya. Sunan ya samo shi ne ranar da ya gyara wa mai aski fanka. Fanka ta tashi lafiya lau, sai dai maimakon ta hura iska, sai ta riƙa zuƙa. Ya ce ai haka fankar zamani take, zafi take janyewa daga jikin mutum. Tun daga ranar muke ce masa Injiniya, shi kuma yana amsawa har da gyaran murya.

Abu guda yake so a duniya, jan babur ɗinsa. Kullum da safe sai ya wanke shi, ya goge, ya hau, ya zaga gari ba tare da an aike shi ba, ya dawo ya ba mu labarin motocin da ya wuce.

To yana da 'ya, nas ce a wani asibiti, mu dai Nas muke ce mata. Wata rana ta zo gida da na'urar awon jini, ta ɗaure masa hannu a ƙofar gida, a gabanmu. Na'ura ta kumbura, ta sace. Nas ta kalli lambar, ta kalli ubanta, ta sake kallon lambar.

"Baba, ina makullin babur?"

"Yana aljihuna. Aike za ki yi?"

"Miƙo."

Ya miƙa. Ta jefa a jaka, ta ja zif.

"Jininka ya hau sama sosai. In ka hau babur da wannan jinin, jiri ya ɗebe ka a titi, me zan ce wa Inna? Zan dawo ƙarshen wata in sake aunawa. In ya sauka, ga makullinka. In bai sauka ba, yana nan a jakata."

"Ke! Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

"Kai ka haife ni, Baba. Shi ya sa."

Daga nan ta ciro wani littafi mai farin shafi, babu layi ko ɗaya, da fensir kala-kala, da 'yar kwalbar gam. Ta ce bayan magani, wannan ma zai taimaka. Kullum ya zauna shiru ya zana wani ɗan abu da ya gani a ranar. Kofi, takalmi, ƙadangare, ko mene ne.

"Ba sai ya yi kyau ba, Baba. Ba jarrabawa ba ce. Kada ka nuna wa kowa, naka ne kai kaɗai. In ka gaji ka ajiye. Wasu ma ganye suke tsinta ko 'yar takarda su manna a ciki, don tunawa da ranar. Abin da ake so kawai hankalinka ya kwanta."

Duk cikin maganar nan, kalmomin da suka shiga kunnen Injiniya su ne: a tsinta, a manna.

Tana tafiya ya tsallako shago da littafin a hammata. Ya zauna kusa da ni, ya buɗe shafin farko, ya kalle shi kamar mai kallon fili zai yi gini.

"Tsoho," in ji shi, "yarinyar nan ba ta san wa ta ba wa littafi ba."

Na ce, "Ba ta sani ba kam."

"Wai ba sai ya yi kyau ba! Ni? Ni da na riƙe sitiyari shekara da shekaru ko kaza ban taka ba? In hankali ya kwanta da ƙaramin zane, to da babban zane ai sai ya yi barci. In mutum yana zana shafi ɗaya a yini jininsa ya sauka a wata, ni zan zana goma, ya sauka kafin sati."

Na ce wannan lissafi ne na masu ilimi. Ni makaranta ban daɗe a cikinta ba, malamin ne ya ga na fi ƙarfinsa ya sallame ni, amma zane na san shi. Na taɓa zana saniya a bango da gawayi har maraƙi ya zo yana neman nono. Don haka na ba shi goyon baya.

Washegari falon gidan ya zama ofis. Ya rubuta a ƙofa, ba a shiga. Matarsa, wadda duk layin ke ce wa Inna, ta zo da shayi ta tsaya.

"Malam, a ina zan ajiye?"

"Kada ki motsa! Tsaya haka da kofin. Zan zana ki."

Ta tsaya. Shayi ya huce. Hannu ya gaji. Da ya gama ya juyo mata da littafin.

Ta duba da kyau. "Wannan tukunyar gas ce?"

"Ke ce."

"To kofin fa?"

"Ga shi nan."

"Na ɗauka kunnena ne."

Ya ce matsalar mutanenmu ke nan, ba su san zane ba. Ranar har waje muna jin muryarsa yana faɗa da fensir.

Sai ya dawo kan mai aski. Ya shigo shago ana tsakiyar yi wa wani bawan Allah aski, an kwashe rabin kai, saura rabi.

"Ajiye injin nan. Zauna. Kalli can."

"Baba Injiniya, ina da mutum a kujera."

"Gashinsa ba gudu zai yi ba. Zauna."

Mai aski yaron kirki ne, yana jin nauyin manya, ya zauna. Injiniya ya rufe ido ɗaya, ya miƙa fensir yana auna hancinsa daga nesa. Mutumin da ke kujera ya jira, ya jira, sai wuta ta ɗauke. Haka ya sa hula ya tafi da rabin kai, yana faɗin maganganun da ba zan maimaita ba don akwai yara a nan.

Zanen ya fito. Da'ira ce da ɗigo biyu. Mai aski ya ce, "Baba, maɓallin riga ne?"

Na ga jijiyar wuyan Injiniya ta tashi. Ya rufe littafi ya tafi. Da yamma ya dawo yana murmushi.

"Tsoho, na gano inda matsalar take. Fensir ƙarya yake yi. Ka zana gashi, ya fito kamar ciyawa. Ka zana ciyawa, ta fito kamar gashi. To me ya kai ni zana gashi alhali ga gashi a duniya? Ai yarinyar da bakinta ta ce a tsinta a manna."

Daga ranar Injiniya ya fara yawo da almakashi a aljihu.

Da farko abin ba laifi. Ya share gashin da ke ƙasan shago, ya manna a kan da'irar nan. Mai aski ya ce ya kwashe duka ma, ya hutar da shi shara. Ya tsinci ganye, ya tsinci murfin kwalba, ya tsinci fatar alawa. Gam ɗin Nas ya ƙare a kwana biyu. Na ce ya sayo wani. Ya ce injiniya ba ya sayen abin da zai iya haɗawa. Ya shiga kicin ɗin Inna, ya dama fulawa da ruwan zafi, ya zuba sukari mai yawa, wai sukari shi ke sa danƙo. Ya cika bokiti.

Daga nan abubuwa suka fara faruwa a layinmu.

Mai aski ya ɗauki burushin da yake kaɗe wa mutane wuya, ya ga burushin ya yi sanƙo a gefe guda. Ya ce ɓera ne.

Gwaggo mai kaji, wadda gidanta ke jikin na Injiniya, ta fito da sassafe tana salati. Babban zakaranta, wanda take ji da shi kamar ɗa, ya kwana da jela ya tashi babu. Bayansa fes kamar an yi masa aski. Zakaran ya daina cara, ya koma bayan randa yana ɓuya. Gwaggo ta ce ba ɓera ba ne wannan, aikin mutum ne marar tsoron Allah, kuma za ta gan shi.

Sai Tela. Shi nasa ya fi ban mamaki. Tela mutum ne mai tsari, duk wanda ya taɓa aunawa yana da awonsa a rubuce, ba ya sake auna ka. Kai dai kawo yadi ka tafi. To sai ga shi duk ɗinkin da ya yi a satin nan ya fito a ɗangale. Hannun riga ya tsaya kafin agogo. Wando ya tsaya a ƙwauri. Ni kaina na kai masa yadina mai kyau, wanda jikata ta aiko min, na karɓo wando na sa, sai ga idon sawuna a waje suna gaisawa da jama'a.

Na ce, "Tela, mene ne wannan?"

Ya duba littafin awo, ya ɗora tef a kan wandon, ya ce, "Baba, ga shi daidai da awonka. Tsawo ka ƙara."

"A shekaruna?"

"To ni dai tef ba ya ƙarya."

Mutum biyar suka zo da irin wannan ƙorafi. Tela ya zauna ya yi tagumi, ya ce wataƙila ruwan famfon layin ne ke sa mutane tsawo.

Shi kuwa Injiniya, littafi sai kumbura yake. Da farko ya daina rufuwa. Sai ya ɗaure shi da igiyar shanya. Daga baya hammata ta kasa, ya koma ɗauka a ka. Ƙarshe sai a baro yake turo shi. Wani irin tsami yake fitarwa, in ya wuce sai ƙudaje su bi shi a layi kamar masu rakiya. Barci ya ƙaurace masa, abinci a tsaye yake ci, idanu sun yi ja. In ka gaishe shi sai ya daka maka tsawa, "Kada ka dame ni, hankalina nake kwantarwa!"

Na ce masa, "Injiniya, ba yarinyar ta ce kada a nuna wa kowa ba?"

"Wannan dokar ta waɗanda ba su iya ba ce. Ranar da za ta dawo zan baje kolinsa a ƙofar gida, kowa ya zo ya gani. Tana ganin aikin nan ko aunawa ba za ta yi ba, za ta miƙo makulli da hannu biyu."

Ranar ta zo. Ya fito da teburin cin abinci, ya shimfiɗa zanin gado, ya ɗora littafi. Ya aro bencinmu, ya aro kujerun Tela. Ya sa babbar riga. Ya bi gida gida yana gayyata. Jama'a suka taru, don a layinmu ko taya ce ta fashe sai an taru. Nas ta iso da jakarta, ta tsaya tana kallon taron.

"Baba, lafiya? Wani abu ya faru?"

"Zauna a gaba. Yau za ki san ubanki."

Ya kwance igiya. Littafi ya yi wani nishi ya buɗe da kansa.

"Shafi na farko. Bishiyar bakin hanya."

Kowa ya leƙa. Gaskiya ta yi kyau. Ganyen dogaye, baƙaƙe masu ɗaukar ido, suna sheƙin kore, sun lanƙwaso gwanin sha'awa. Har an fara tafi. Gwaggo mai kaji ta matso, ta sunkuya, ta sa yatsa ta shafa ganye ɗaya.

"Malam," ta ce a hankali, "bishiyar nan tana cara da asuba?"

"Gwaggo, a bar tambaya sai ƙarshe."

"Jelar zakarana ce!"

"Aro na yi. Za ta sake tsirowa. Ke ba ki ga darajar da aka yi masa ba? Zakara nawa ne a layin nan suka shiga littafi?"

Ana cikin haka sai ga zakaran da kansa ya fito daga bayan randa. Ya tako a hankali, ya yi tsalle ya hau tebur, ya kalli shafin da ido ɗaya, ya juya ya kalla da ɗayan. Ya waiga ya kalli bayansa. Sai ya faɗi sumamme. Sai da aka yayyafa masa ruwa.

Injiniya ya yi maza ya juya shafi. "Na biyu. Titin da nake bi da babur."

Titi ne miƙaƙƙe, rawaya, da 'yan layuka a jiki da lambobi. Ɗaya, biyu, uku, huɗu.

Tela ya daɗe yana kallo. Sai ya cire tef ɗin da ke rataye a wuyansa, ya kamo bakinsa, ya duba. Tef ɗin daga biyar ya fara. Ɗan ƙarfen da ke baki yana nan daram, an matse shi da kyau.

"Baba Injiniya."

"Na'am."

"Kai ka yanke min tef?"

"Kaɗan ne. Kuma na mayar maka da ƙarfen, da filaya na matse. Ka ga alamar an taɓa? Ba ka gani ba. Wannan shi ake kira aiki."

Mu masu ɗangalallen wando muka kalli ƙafafunmu. Tela ya juyo gare mu ya ce, "Kun ji ko? Na ce muku ba laifina ba ne." Wani ya ce, "Kai ka ce mana ruwan famfo ne!" Nan ma wata rigimar ta tashi a gefe.

"Shafi na uku!" Injiniya yana ɗaga murya. "Mai aski!"

Da'irar nan ce, amma yanzu ta cika. Kai ya sha gashin mutanen layin duka, har da furfurata na gane a ciki. Gemu kuwa na burushi. A ƙarƙashin hanci ga wani baƙin gashin baki mai kauri, na roba, ya lanƙwasa sama gefe da gefe kamar ƙahon sa.

Mai aski ya ce, "Gemun dai burushina ne, na yafe. Amma gashin bakin nan na wane ne? Mai shi ya zo ya karɓa tun kafin a ce da ni aka haɗa baki."

Kowa ya duba. Babu wanda ya gane.

Injiniya ya bugi ƙirji. "Wannan nawa ne, halalina! A cikin kayana na yanko, babu mai magana. Kuma na ba ka shi kyauta, shafin gaba ɗaya, jama'a ku shaida." Ya yage shafin ya danƙa masa. Muka ce mun shaida.

"Na huɗu. Fitowar rana."

Wannan kam har ni na ce madalla. Rana ce ƙatuwa, zagayayya, ruwan ƙwai, da ɗan zare mai walƙiya a jiki. A daidai lokacin Inna ta fito daga gida da tiren kofuna don baƙi, ta yafa sabon mayafinta, ruwan ƙwai mai walƙiya, wanda Nas ta saya mata ba ta taɓa sawa ba sai ranar. Ta ajiye tire, ta juya za ta koma.

Sai muka gani.

A tsakiyar bayanta akwai rami zagayayye, girman faranti, atamfar ciki tana leƙowa.

Idanun jama'a suka tafi littafi, suka dawo bayan Inna, suka koma littafi. Gwaggo ta ce, "Inna, rana ta fito a littafi, ta faɗi a bayanki."

Inna ta cire mayafin, ta ɗaga shi sama, ta kalli mijinta ta cikin ramin.

"Malam."

"A tsakiya kalar ta fi kyau," in ji shi. "Gefe ya ɗan dushe."

"Malam."

"Kuma a ninke yake, ban san zai fito a baya ba."

Ta sauke mayafin a hankali. Wannan "Malam" ɗin ya fi ihun Gwaggo ban tsoro.

Injiniya ya ga abin yana neman lalacewa, ya rungumi littafin a ƙirji zai juya shafi na gaba. To kun tuna fulawa da sukari? Ashe tun tuni tururuwa da cinnaka suka tare a tsakiyar littafin, sun yi gari, sun hayayyafa. Yana ɓare shafin suka zubo. Ba su tsaya tambaya ba, suka bi hannun babbar riga suka shige.

Na ga rawa a rayuwata, ni kaina a zamanina in na shiga fili sai an roƙe ni in fita don wasu su samu, amma ban taɓa ganin irin ta Injiniya ba. Ya yi tsalle, ya mari wuya, ya mari cinya, ya tuɓe babbar riga ya yar. Gwaggo tana gefe tana tsige ganyen bishiyarta, Tela yana ɓamɓaro titinsa, masu wando suna bin Tela, tebur ya kife, kofuna suka tarwatse.

Nas ta taso daga kujera. Ta bari ya tsaya yana haki, ta kamo hannunsa, ta ɗaura na'ura. Na'ura ta kumbura, ta sace. Ta kalli lambar. Ta buɗe jaka, ta ɗaga makulli ya gani, ta mayar, ta ja zif.

"Sai wani watan, Baba."

Bayan wannan Injiniya ya ɓace. Kunya ta hana shi leƙo ƙofa. Inna ta ƙwace almakashi, ta zubar da bokitin gam, ta sa littafin a shara. Abin da ya rage masa 'yan shafuka ne na ƙarshe da gam bai taɓa ba, da guntun fensir baƙi. Ba ta yi masa magana sai in abinci ya sauka.

Ni kuwa kun san ba na son shiga harkar mutane. Wucewa kawai nake yi ta jikin tagarsa, sai idona mai kyaun ya faɗa ciki. Na gan shi zaune a ƙasa, ya jingina da kujera. Ragowar tururuwan nan sun yi layi a jikin bango suna wucewa, shi kuma yana kallonsu. Sai ya ɗiga ɗigo a takarda, ya ja masa ƙafafu. Ya sake ɗiga wani. Ba ya magana, ba ya huci. Can sai ya yi hamma, ya ajiye fensir, ya yi barci a wurin.

Kullum haka. Tururuwa kawai. Wasu ma ba su yi kama da tururuwa ba, sun fi kama da ƙwarƙwata, amma babu wanda zai faɗa masa tunda babu wanda ya nuna wa. In ya ji motsin Inna sai ya tura takardar ƙarƙashin kujera.

Wata ya cika, Nas ta dawo. Ta auna. Ta sake aunawa a ɗaya hannun. Ta yi murmushi.

"Baba, ya sauka. Me ka yi?"

"Ba komai."

"To ka ci gaba da yin ba komai ɗin." Ta zuge jaka ta miƙa masa makulli.

Kafin ta rufe jakar, tsohon Injiniya ya dawo. Ya sa hula, ya turo babur waje, ya wanke, ya goge, ya ƙwala mana kira.

"Ku fito ku gani! Waɗanda suka yi dariya ku fito! Duk abin nan tsari ne. Sai ka kai jini ƙololuwa tukuna, sannan ka sake shi ya gangaro da kansa. Likitoci ba su kai nan a karatu ba."

Layi ya fito. Gwaggo da zakaranta mai sabuwar jela 'yar guntuwa, Tela da sabon tef, Inna a bakin ƙofa da mayafin da aka yi wa faci, Nas a gefenta. Injiniya ya hau, ya gyara zama, ya sa makulli, ya sunkuya ya buɗe mai.

Shaaa. Fetur ya zubo daga ƙasan tanki, ya wanke masa ƙafa da takalmi.

Ya rufe. Ya leƙa. Ya sake buɗewa. Shaaa.

"Wani ya taɓa min babur!" Ya diro. "Tiyon mai babu! An yanke! Wane marar mutunci ne ya shiga har ɗakina ya yanke min tiyo? Yau sai na ga bayansa! Layin nan ɓarayi sun yi yawa!"

Mai aski ya leƙa ƙasan tankin. Ya shiga shago, ya ciro shafin nan da ya manna kusa da madubi, don tun da ya rataye shi mutane ke zuwa aski su yi dariya. Ya fito da shi, ya ɗaga, ya nuna baƙin gashin bakin nan na roba.

"Baba Injiniya, ko wannan ne?"

Injiniya ya kalli gashin baki. Ya kalli ƙasan tanki. Ya kalli gashin baki.

"Kawo."

"A'a, Baba. Gashin bakina ne. Kyauta ka ba ni, jama'a sun shaida."

Muka ce, "Mun shaida."

"Na ce ka kawo! Tiyona ne!"

"Kai da bakinka ka ce babu mai magana."

Jijiyar wuya ta tashi. Ido ya yi ja. Ya fara bin mai aski, mai aski yana zagaya babur da shafin a sama, takalmin Injiniya yana santsi da fetur. Nas ta taho a nutse, ta tare shi, ta kamo hannu, ta ɗaura na'ura. Na'ura ta kumbura, ta sace. Ta kalli lambar. Ta miƙa hannu ta zare makulli daga jikin babur, ta jefa a jaka.

Duk layin muka ji ƙarar zif ɗin.

"Baba, koma wajen ba komai ɗinka."

Yanzu haka yana ciki, yana zana tururuwa. Inna da kanta take ɗan barbaɗa sukari a gindin bango don kada su ƙare masa. Gashin baki yana nan a shago kusa da madubi, wanda bai yarda ba ya je ya gani, aski ne kawai zai biya.

Duk abin da na faɗa muku haka ya faru, ban ƙara ko gishiri ba. To, ban da wuri ɗaya. Zakaran nan bai suma ba. Ya hau tebur, ya kalli jelarsa, ya caccaki fulawar da ke gefen shafin ya ci, ya sauka abinsa. Suman ni na sa masa, don na ga ya kamata a ce ya ji wani abu. Amma wandon gaskiya ne. Ga shi a jikina, ku sunkuya ku duba.